Bututun da Ba Ya Bisimilla

Rana ta yi ja, ta sauka bayan tankin ruwan da ke tsaye kan ƙafafun ƙarfe a tsakar gida. Umma tana kicin tana ɗauraye kofuna a hankali, don babu abin da ke jiranta sai salla. Auta, 'yarta ta ƙarshe mai shekara goma sha uku, tana zaune bakin ƙofar falo tana goge takalmin makaranta. Maigidan bai dawo daga shago ba. Gidan ya yi irin shirun nan na gab da magariba, wanda ko cokali ya faɗi sai an ji shi har bakin titi.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi.

Umma ta tsaya da kofi a hannu. Na biyu ya daki tankin, ƙarar ta daɗe tana yawo a cikin ruwan. Na uku ya dira tsakar gida, ya gangaro har gaban Auta ya tsaya.

"'Ya'yan layin nan marasa kwaɓa," in ji Umma, ta fito tana goge hannu da gefen zani. "Yau sai na ga wanda ya tsaya musu."

Ta leƙa waje, ba kowa, ko kare babu. Da ta juyo ta tarar Auta ta ɗauki dutsen ta yar, tana yarfa hannu. A jiƙe yake, tururi na tashi daga jikinsa kamar yanzu aka tsamo shi daga tukunya.

Umma ta koma kicin ta murɗa famfo don ta ƙarasa wanke-wanke. Ruwa bai zo ba. Kuka ne ya biyo bututun, siriri, na ƙaramin yaron da ya daɗe yana yi har muryarsa ta dushe. Ta rufe famfon, kukan ya ɗauke. Ta sake buɗewa, ya ci gaba daga inda ya tsaya.

Dole a koma baya mako uku, don wanda bai ji farkon maganar ba zai ɗora laifi inda ba nan ne wurinsa ba.

Maigidan ne ya sayo hita, irin tukunyar lantarkin nan da ake ratayawa a bangon banɗaki ta riƙa dafa ruwan wanka. Aka kira mai famfon da ya shekara goma sha ɗaya yana yi wa gidan aiki. Shi ya jawo ruwa daga titi zuwa tanki, shi ya shimfiɗa duk wani bututu da ke cikin bangon gidan, ya san hanyar kowanne kamar jijiyoyin bayan hannunsa. Siriri ne, mai furfura a gemu, ba ya yanka bututu sai ya auna sau biyu, shi ya sa Umma take kiransa Injiniya, rabi wasa rabi raini. Yana da mata da 'ya'ya biyar, kuma duk lomar da suke kaiwa baki daga tafin hannunsa take fitowa.

Ya rataya hitar, ya ba ta ruwan sanyi, ya fitar da na zafi. Saura ɗan bututu guda, wanda hita ke amayar da tafasasshen ruwa ta cikinsa idan zafi ya yi mata yawa. Shi wannan ba mutum ke buɗe shi ba, shi ke buɗe kansa duk lokacin da ya ga dama. Mai famfo ya ce sai an bi da shi ta ƙarƙashin ƙasa har cikin sokawe, ramin da ruwan dattin gida ke gangarawa, ya tarar da ruwan sanyi can a rufe. Hakan kuwa sai an fasa tayil bakwai a ƙasan banɗakin, sabon tayil da Umma ta zaɓo da kanta.

"Tayil ɗina za ka fasa?" in ji ta. "Ba ga bango nan ba? Huda shi ka fitar da abin ta baya."

Bayan bangon wani matsattsen lungu ne tsakanin gini da katanga, faɗinsa bai kai kamu biyu ba. Ba shi da ƙofa, tun da aka gama ginin babu wanda ya taka shi.

"Hajiya, ruwan zafi ba a sakinsa inda ido ba ya gani," in ji mai famfo. "Haka wanda ya koya mini aiki ya hore mu. Ke kanki in za ki zubar da ruwan zafi ai sai kin yi bisimilla. Shi wannan bututun wa zai yi masa?"

"Sai ka koya masa mana, tunda ka zama malam."

Maigidan yana jingine a bakin ƙofa yana sakace, ya yi dariya. "Injiniya, yi abin da ta ce ka zauna lafiya. Ni da na aure ta ma haka nake yi."

Sau uku mai famfo ya maimaita maganarsa. Uku, ba biyu ba. A ta ukun Umma ta ce in ya gaji da aikin gidan ya faɗa, masu famfo sun fi famfunan garin yawa. Sai ya ɗauki guduma ya huda bangon. Iyakar laifinsa ke nan, kuma laifi ne: ya san daidai, ya ji tsoron rasa gidan da ya saba da shi. Amma duk mai adalci da ya auna nasa da na waɗanda suka tsaya a kansa ya san inda nauyin yake.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da rana ta sunkuya sai ya fara, dutse ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kowanne a jiƙe da zafi. Famfon sanyi ya koma kawo ruwan da ke saɓule fata. Aka sake kiran mai famfo. Ya bi gidan bututu-bututu, ya kwance, ya hura, ya ɗaure, ya kara kunne a bango. Bai sami toshewa ba, bai sami yoyo ba. Da ya gama ya tsaya yana mayar da sifanoninsa cikin jaka.

"Aikina lafiya lau yake, Hajiya. Amma don Allah ki bar ni in sauya wa bututun bayan nan hanya."

"Kai dai tayil ɗin nan ya tsone maka ido. In gyaran ya fi ƙarfinka ka ce ya fi ƙarfinka."

Gargaɗi na huɗu ke nan.

Ranar da jifan ya cika kwana tara, Auta ta shiga wanka gab da magariba. Umma ta ji bokiti ya faɗi, sannan shiru. Ta kira sau biyu, ta tura ƙofar. Yarinyar tana tsaye ta kafa goshinta a bango, daidai inda bututun ya fita, hannayenta a naɗe a ƙirji tana jijjiga su kamar mai rarrashin jariri. Bayanta tun daga wuya har ƙugu ya tashi ƙuraje cike da ruwa. Ruwan da ya zube daga bokitin kuwa sanyi ƙalau.

Auta ta juyo. Fuskar tata ce, amma kallon ba nata ba ne.

"Taɓa ki ji," in ji wata murya ta babbar mace daga bakinta. "Taɓa mana. Haka nawa ya yi."

A asibiti likita ya tambayi wanda ya watsa wa yarinya tafasasshen ruwa, yana kallon Umma ta saman gilashinsa. Aka wanke, aka naɗe, aka sallame su. Da safe ciwon sai ya lafa, da magariba sabo ya fito a inda babu jiya: kafaɗa, damtse, gefen wuya, kullum yana matsowa wajen fuska. Auta ta daina ci. Umma takan zauna a kanta da mafici tun hantsi har hannunta ya mutu, ta sauya ɗayan. Wani lokaci muryar yarinyar ta gaskiya takan ɓullo ƙasa-ƙasa, kamar daga cikin rijiya, ta ce, "Umma, zafi." Kalma biyu, sai a sake danne ta. A cikin kwanakin nan Umma ta rame har zobenta ya riƙa zamewa. Ba wanda zai ce ba ta son 'yarta.

A rana ta shida maigidan ya zo da wani malami dattijo da aka sani da irin wannan aiki. Bayan la'asar ya iso, ya sa aka shimfiɗa tabarma a falo, aka kwantar da Auta rubda ciki saboda bayan. Ya zauna wajen kanta ya fara karatu, a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. An daɗe ba abin da ya motsa sai labule. Inuwar tanki ta miƙe ta shigo har cikin falon. Sannan yatsun ƙafar yarinyar suka fara rawa, ta yi wata ƙara da ta sa maigidan ya ja da baya har ya bugi bango.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni, kana ƙona ta. Ni na saba da wuta. Ita fa?"

Malam ya dakata. "Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Maƙwabciyarsu ce. Ina wurin nan tun ba a haƙa harsashin gidan ba. Da suka yi gini na matsa, na koma lungun baya da ɗana. Ban taɓa shiga ɗakinsu ba, ban taɓa leƙa tukunyarsu ba. Mutanen kirki in za su zubar da ruwan zafi sukan ambaci sunan Allah, mu ji, mu janye 'ya'yanmu. Su kuwa sai suka huda bango suka saka mana bakin ƙarfe a saman shimfiɗarmu, ba sallama, ba bisimilla. Yana barci ruwan ya sauko masa." Muryar ta tsaya, hannayen Auta suka sake naɗewa a ƙirji. "Kwana goma sha biyu yana kuka. Ranar da ya yi shiru na fara jifa."

Umma ta kasa ɗaga ido.

"Allah ya ba ki haƙuri," in ji Malam. "An zalunce ki. Amma wannan yarinya ba ta huda bango ba. Ki fita, za a cire bututun yau, za a bar miki wurinki."

"A cire, ɗana ya dawo? Ba na fita hannu wofi. A kawo mini wanda ya kafa shi."

Malam ya ce ba za a kawo kowa ba, ya koma karatunsa. Amma da kowace aya sai sabon ƙurji ya tashi a wuyan yarinyar, ana gani, har ɗaya ya ɓullo a ƙarƙashin idonta. Numfashinta ya koma sama-sama. Umma ta faɗa kan ƙafafun Malam tana roƙonsa ya tsaya. Maigidan kuma, ba tare da ya tambayi kowa ba, ya fita tsakar gida ya kira mai famfo a waya. Bai gaya masa gaskiya ba. Cewa ya yi bututu ya fashe, ruwa na cin gida.

Mutumin ya zo da gudu-gudu, jakarsa a kafaɗa, wandonsa a jiƙe daga wani aikin da ya baro. Ya yi sallama a ƙofar falo yana cire takalmi. "Ina ya fashe, Alhaji?" Sai ya ga yarinyar, ya ga Malam, jakar ta zame daga kafaɗarsa.

Kan Auta ya juyo wajensa a hankali. "Kai ne?"

"Ni na kafa," in ji shi. "Amma na faɗa. Wallahi na faɗa. Sa ni aka yi."

"Ni ban ji ba, ba na shiga gidan mutane in saurari zancensu." Idanun suka koma kan Umma. "Ke uwa ce, ni ma uwa ce, ke zan tambaya. In ke kika sa shi bayan ya gaya miki, to ɗa a bakin ɗa, zan tafi da wannan kafin a kira salla, mun yi daidai. In kuwa gaban kansa ya yi, zan sakar miki ita, in karɓi hannun da ya yi aikin. Faɗi."

"Kada ki amsa mata," in ji Malam da ƙarfi. "Ba a ciniki da ran mutum, ba a ciniki da hannunsa. Ku ba ni lokaci."

Amma lokaci shi ne abin da Umma ta ga babu. Leɓen Auta ya yi fari. A can ƙasa, ƙarƙashin waccan muryar, ta ji kamar an ce Umma. Ta dubi mai famfo sau ɗaya, ta ga tabon gam a yatsunsa, ta kawar da kai.

"Ni mace ce, me na sani a aikin famfo?" in ji ta. "Bai gaya mini komai ba. Yadda ya ga dama ya yi."

"Hajiya!" Mai famfo ya durƙusa. "Hajiya, ki ji tsoron Allah. Sau nawa na faɗa miki? Alhaji, ai kana tsaye a bakin ƙofa, har dariya ka yi. Faɗa mata, Alhaji."

Maigidan ya dubi tabarma. "Ni ban ji an yi wannan magana ba."

Aljanar ta yi dariya marar daɗi da bakin yarinyar. "Shaidu biyu a kan mutum ɗaya. Ba haka shari'arku take ba, tsoho? Na karɓa. Ka ga ni ma ina bin doka."

Malam ya ɗaga murya da karatu, ya miƙa hannu zai kama mai famfo ya jawo shi bayansa, amma ya makara. Jikin Auta ya sandare, ƙaramin yatsan ƙafarta ya karkaɗa sau uku, ta yi atishawa ta saki jiki. Duk famfunan gidan suka buɗe lokaci guda, suka rufe. Mai famfo bai yi ihu nan take ba. Ya ɗaga hannayensa yana kallonsu, tururi na tashi daga tafukan, fatar tana tattarewa, yatsun suna lanƙwashewa ciki ɗaya bayan ɗaya. Sai daga baya ihun ya zo, daidai lokacin da ladan ya fara kiran magariba.

Auta ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa.

Cikin mako biyu bayanta ya warke, ko tabo bai bari ba. Jifa ya ɗauke. Wani mai famfon daban ya zo ya mayar da bututun ƙarƙashin ƙasa, aikin bai kai azahar ba. Malam bai ƙara taka gidan ba. Gidan mai famfo ya koma, kwana arba'in yana yi masa karatu. Ƙunar ta bushe, amma yatsun ba su miƙe ba. Mutumin da ke ɗaure bututu a cikin duhun bango da lalube ya koma ba ya iya riƙe kofi, matarsa ke ba shi a baki. A unguwa kuma labarin da ya bazu shi ne wanda ya fito daga gidan Alhaji: wai ganganci ya yi a aiki, ya kusa kashe 'yar mutane, alhaki ya kama shi. Waɗanda ya yi shekaru yana jawo wa ruwa su ne suka fi kowa yaɗa shi.

Ba haka aka yi ba. An yi masa ƙarya a gaban malami, an kira shi da ƙarya, an raba shi da sana'arsa da ƙarya, kuma har yau daga gidan babu wanda ya je ya ce masa sannu.

Wata rana da yamma aka ƙwanƙwasa ƙofar gidan. Umma ta buɗe kaɗan. Matar mai famfo ce, shi kuma yana bayanta, hannayensa a ɓoye cikin hannun riga. Ya tsufa da shekara goma.

"Hajiya, ba roƙo muka zo ba," in ji matar. "Malam ya samu ya yi magana da aljanar. Ta ce a kan shaidarku ta karɓi hannun. In kika tsaya a bakin lungun nan kika faɗi yadda aka yi, za ta sakar masa. Magana ɗaya ce, Hajiya. Yara biyar gare mu."

"In ta sake shi, wa za ta kama?"

Mai famfo ya ɗago kai. "Malam ya ce zai tsaya a kan yarinyar, zai yi iyakar ƙoƙarinsa. Ni ma ba na so a taɓa Auta, Hajiya, a gabana ta girma. Gaskiyata kawai nake nema."

"Iyakar ƙoƙarinsa," in ji Umma. Ta daɗe tana kallon hannun rigar da babu yatsu a bakinsa. Daga cikin gida ana jin Auta tana dariya ita kaɗai, tana tsalle da igiya a tsakar gida, ƙafafunta na dukan siminti da ƙarfin mai lafiya.

"Ban san maganar da kuke yi ba," in ji Umma. "Kada ku sake zuwa."

Ta tura ƙofar ta sa sakata. Ta tsaya riƙe da ƙarfen, tana jin ba su tafi ba, suna nan tsaye a ɗaya gefen.

"Umma, wa ye?" in ji Auta, tana haki.

"Ba kowa. Shiga ciki, magariba ta yi."